Takardar Jinina Cikin Rumbun Buro

Jama'a, wanda duk ya leƙo yau don hirar lalle da ɗinkin biki, ya yi mini haƙuri. Sunana Hindatu, a Dogon Dutsi nake zaune, kuma abin da zan ba ku yau ko Inna da ta haife ni ba ta ji shi duka ba. Ku bar zagina sai na kai aya, don na san wasunku tun a tsakiya za su fara.

Wanda zan aura sunansa Nasiruddeen. Shekara biyu muna tare, kuma ranar Asabar ɗin makon da nake ba ku labari ce aka tsayar manyansa za su kawo goro gidanmu. Wurin aikinmu ɗaya, wani proje da ke tattara takardun gonaki da na burtali yana adana su a ordinatar, wato kwamfuta. Ni sakatariya ce, shi kuma shi ne mai kula da injunan duka. Mutum ne marar hayaniya, irin waɗanda in sun yi maka tambaya sukan tsaya su ji amsa. Wannan hali nasa shi na fi so, kuma ran nan shi na fi tsoro.

Yayansa Rufa'i yana da ƴa mai amosanin jini, ciwon da mu nan muke kira emasi. Na taɓa raka Nasir asibiti dubiya, na ga yarinyar tana cizon zanen gado don kada ta yi kuka a gaban baƙi. Da muka fito ya tsaya jikin babur ɗinsa ya daɗe bai tayar ba, sannan ya ce mini shi AS ne, wato in ya auri mai jini irin nasa suna iya haifar mai wannan ciwo, ya yi gwaji, kuma ya yi wa Allah alkawari ba zai haifi ɗa ya sa shi cikin wannan azaba da saninsa ba. Ya tambaye ni nawa jinin. Na yi dariya na ce AA. Wallahi ban yi gwaji ba a lokacin, kawai na saba jin Inna tana cewa babu wannan abu a danginmu, na ɗauka magana ta ƙare.

Sai da aka sa rana zuciyata ta hana ni sakat. Na saci jiki na je aka ɗebi jinina, ran Litinin na karɓo takarda, na ga haruffa biyu da jan biro a ƙarƙashinsu: AS.

Inna na fara kai wa. Tana tsakar gida tana jera kwanonin da ta saya mini a kan tabarma, tana goge su ɗaya bayan ɗaya da gefen zanenta. Na karanta mata, na yi bayani. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Takarda ka ba da ɗiya ko Allah?" in ji ta. "Wanga zance ya tsaya nan tsakar gidan ga. Shekarunki ashirin da bakwai, Hindatu. Sa'o'inki dut sun yi biyu-biyu. In kin ka buɗe baki, ke kin ka sani."

"Inna, ya tambaye ni hwa, na ce mai AA."

"To ki bar shi a haka. Ni da babanki wa ya auna mu? Ga ku nan ku shidda lahiya lau."

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado ina kallon atamfar da za ni sa ran Asabar, shuɗiya mai zanen ganye, tela ya kawo ta ko guga ba a yi ba. Gaskiya zan faɗa muku, maganar Inna ta yi mini daɗi. Ina son in ji wani ya ce in yi shiru. Amma akwai sauran fata a raina cewa ko an yi kuskure a gwajin, don haka na tura wa ƙawata Ramatu hoton takardar. Ma'aikaciyar jinya ce a Yamai. Gilashin kamarar wayata ya tsage tun bara, hoton ya fito kamar an shafa masa mai.

Ta rubuto: "Ban ga komi ba. Ki sa ta a sikanan buronku ki turo mai kyau, in nuna wa likitanmu."

Yanzu sai na ɗan yi muku bayanin aikinmu, in ba haka ba ba za ku gane irin ramin da na haƙa wa kaina ba. Buro, wato ofis, huɗu gare mu: namu na Dutsi, da na Tibiri, da Dumega, da Sukukutane. Dukkanmu ma'ajiya guda muke zuba takardu a cikinta, mu muna ce mata rumbu. Kowace safiya in ka buga modepas ɗinka, wato kalmar sirrinka, babban injin da ke riƙe da rumbun yakan ba ordinatar ɗinka wani ɗan izini da ake kira jeton, mai aiki na awa goma. Da jeton kake buɗewa, da shi kake gogewa. In babu shi, kai da baƙon da ya shigo daga titi ɗaya kuke. Duk abin da aka sa a sikana, injin ɗaukar hoton takarda, kai tsaye rumbu yake faɗawa da sunan wanda ya sa, kuma ba mai iya goge shi sai wanda ya sa ko Nasir. Saboda rezo, wato layin intanet, ba ƙarfi, sau ɗaya ake raba sababbin takardu zuwa sauran buro ukun, ƙarfe goma sha biyu daidai na rana. A Tibiri kuwa, wanda aikinsa shi ne buɗe kowace sabuwar takarda ya duba, Yaya Rufa'i ne.

Duk na san wannan. Lissafina shi ne in sa, in tura wa Ramatu, in goge, cikin minti biyu.

Ran Laraba na samu yadda nake so. Shef, shugaban buronmu, ya tafi taro Dosso, abokan aikina biyu sun fita awon gona, Nasir ya yi sammako zuwa Dumega canza batiri. Daga ni sai Malam Gado mai gadi, yana bakin ƙofa da rediyonsa. Na sa doguwar riga ruwan toka da ƙaramin hijabi, takardar tana ninke huɗu cikin aljihun jakata, na yi ta taɓa ta a hanya kamar za ta gudu.

A nan wayona ya tashi. Na ce a raina, ko da wani ya leƙa rumbun cikin minti biyun nan, bari in sa takardar ta nutse can ƙasa cikin tsofaffi. Sai na shiga wurin agogon ordinatar na maida kwanan wata bara. Na tashi na ɗora takardar a sikana, na danna, haske ya wuce, inji ya yi ƙararsa ta cewa ya aika. Na dawo kujera na danna rumbu.

Ya ƙi buɗewa. Wani ɗan akwati ya fito da Faransanci yana cewa ba ni da izini, jeton ɗina ba ya aiki.

Na sake dannawa. Na buga modepas a hankali, harafi bayan harafi. Na sake bugawa. Na ce to, kwanan watan ne, na koma na gyara shi, na ɗaga kai na dubi agogon bango na saita lokacin daidai da shi. Na kashe ordinatar na kunna. Akwatin nan ya sake fitowa kamar mai jirana.

Takardar jinina, da cikakken sunana da sunan mahaifina da tambarin asibiti, tana zaune cikin rumbu, ƙofa ta rufe ina waje, kuma ƙarfe goma sha biyu za a kai ta teburin Yaya Rufa'i. Garin gyaran gira na tsone ido. Na kai kusan rabin awa ina zare waya ina mayarwa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya buɗe mini, kuma shi ne wanda nake ɓoye wa.

Na rubuta masa: "Nasir, jeton ɗina ya ɓace, rumbu ya ƙi ni. Akwai aiki na gaggawa."

Ya amsa nan take: "Kin buga modepas daidai?"

"Sau bakwai."

"Sau bakwai? Amarya, hankalinki na wurin goron Asabar. Kada ki ƙara taɓa komi, ga ni nan tahe."

Kalmar amaryar nan ta soke ni. Na kife wayar a kan tebur.

Sha ɗaya ta wuce a agogon bango lokacin da na ji babur ɗinsa. Ya shigo da farar riga mai gajeren hannu duk ta yi ja da ƙasar hanya, jakar kayan aiki a kafaɗa, da ƙullin leda a hannu. Ya ajiye mini a tebur. Ƙuli-ƙuli ne ya sayo mini a hanya, don ya san ina so. Na ce na gode ban iya kallon idonsa ba.

Ya ja kujera ya zauna kusa da ni. "To, hwaɗa min tun daga hwarko. Da sahe ya ba ki jeton?"

"Ya ba ni."

"Kin yi aiki da shi?"

"Na yi."

"Sannan mi kin ka taɓa?"

"Ban taɓa komi ba."

Ya gyaɗa kai kawai. Haka yake aikinsa, ba ya tsalle, daga ƙasa yake farawa. Ya durƙusa ya bi wayar rezo da hannu har bango, ya ce lafiyarta lau. Ya gwada ko ordinatar tana jin babban injin, tana ji. Ya buɗe tasa ƴar ordinatar ya duba ko an toshe sunana saboda yawan bugawa, ba a toshe ba. Ni kuwa idona yana kan agogon bango, dogon hannun yana hawa. Sha ɗaya da rabi. Na ji kamar in ce masa ya bar binciken, ya shiga da nasa izinin ya goge mini takarda ɗaya. Amma Nasir ba ya goge abin da bai buɗe ya gani ba, dokar aikinsa ce, na sha jin yana faɗa wa shef haka.

"Tashi in gwada nawa suna a injinki," in ji shi.

Ya buga. Shi ma aka ƙi shi. Sai ya yi murmushi, irin na wanda ya hango bakin zare.

"Madalla. Ba ke a da laihi ba, injin na. Ni ma ya ƙi ni."

Da ya san yadda wannan magana ta yi mini nauyi. Ya shiga buɗe wasu shafuka baƙaƙe masu ƙananan rubutu, yana bi da yatsa. Agogon bango ya nuna saura minti biyar. Ya nuna saura biyu. Ina kallo hannayen biyu suka haɗu a kan sha biyu, na dafa tebur na zauna a kan kwalin takardu. Na ce shi ke nan, ta tafi.

Shi bai lura ba. Ya dubi kusurwar ordinatar, ya dubi wayarsa, ya ɗaga kai ya dubi bango, sai ya tashi ya leƙa ƙofa.

"Baba Gado, wa ya taɓa agogon ga na bango?"

Malam Gado ya taso yana gyara hula. "Ni na, ɗana. Kullum ina sa shi gaba kaɗan. In ba haka ba mutanen ga sai an tada salla su ka hwara neman buta. Shekara ukku ke nan, ba wanda ya rasa jam'i."

"Minti nawa?"

"Goma, ko sha biyu. Ban aunawa."

Nasir ya yi dariya ya ce Allah ya ba da lada, ya dawo ya zauna. Ya yi mini bayani cewa babban injin ba ya yarda da duk ordinatar da agogonta ya saɓa da nasa fiye da minti biyar, don yana ɗauka ɓarawo ne ya zo da tsohon jeton. Tawa tana gaba da minti goma sha biyu. Ban ji sauran bayanin ba, abu ɗaya kunnena ya kama: sha biyun gaskiya ba ta yi ba tukuna.

"To gyara mana da sauri," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so.

Ya juyo ya dube ni. Hannunsa yana kan madannai amma bai danna ba.

"Hindu, agogon injin ga ba shi canza kansa. Ga shi nan a rubuce. Tara da rabi an maida shi bara. Bayan minti shidda an maido shi bana, an saita shi da na bango."

"Wataƙila hannuna ya taɓa."

"Sai an shiga wuri ukku, sannan ya tambaya ko an tabbata."

Fankar sama tana juyawa, rediyon Malam Gado yana sanarwar rasuwa. Na ƙura wa ƙullin ƙuli-ƙulin ido. Ina jin yana kallona, kallon nan nasa na mai jiran amsa, kuma na san in na ɗago zan fashe da kuka. Ban taɓa jin kunyar mutum da tsoronsa sun haɗu mini wuri guda kamar lokacin ba.

Bai ƙara tambaya ba. Ya gyara agogon, ya ce dole sai an kashe an kunna kafin ta karɓi sabon jeton. Ordinatar ɗina tsohuwa ce, in ta tashi kunnuwa sai ta yi miƙa ta yi hamma. Na tsaya a bayansa ina kallon wayata, wadda ita ce mai lokacin gaskiya. Saura huɗu. Wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Saura ɗaya. Ya ci gaba da juyawa. Sai da sha biyu ta wuce da minti biyar wurin buga modepas ya fito.

Ya tashi ya ba ni kujerar. "Buga."

Na buga, rumbu ya buɗe. Ga ta nan a sama, ta farko a jeri, da sunana. Ashe sikana ba ruwansa da agogon ordinatar ɗina, duk wahalar da na sha a banza na sha ta. Na yi sauri na kare da jikina.

Nasir ya riga ya juya baya. Ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa, ya tsaya a bakinta yana kallon waje.

"Ban san mi kin ka sa ciki ba," ya ce, bai waiwayo ba. "Kuma ban dubawa. In naki na, goge abinki. In kin goge nan, zai bi sauran buro ya ɗebe."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na danna gogewa. Layuka suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Dogon Dutsi, an goge. Dumega, an goge. Sukukutane ta daɗe tana tunani saboda rezonsu, ina ta salati a zuci, sannan ita ma ta ce an goge. Saura Tibiri.

Layin Tibiri ya fito da ja. Na karanta shi sau biyu don Faransancina ya gudu. Ba a iya gogewa ba, wani ya buɗe takardar a can, tana buɗe a gabansa yanzu haka.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon jan layin ba. Na tuna Inna da kwanoninta. Na tuna cewa ko yanzu ina iya cewa takardar wata ce, kuskuren suna ne, asibiti sun haɗa jini. Ƙaryar har ta gama haɗuwa a bakina, da kanta da ƙafafunta, kuma na san Nasir zai so ya yarda da ita.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya manta da ita a kan teburina, kusa da hannuna. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Yaya Rufa'i.

Ya juyo ya tako zai ɗauka. Na riga shi, na ɗora tafina a kanta. Tana rawa a ƙarƙashin hannuna.

"Hindu, Yaya na. Ba ni."

"Na sani. Kada ka ɗauka tukuna."

"Lahiya?"

"Abin da zai hwaɗa maka, ban so ka ji shi daga bakin kowa." Na ɗago na dube shi, karo na farko tun da ya shigo. "Ran da ka tambaye ni a asibiti, ban yi gwaji ba. Na yi yanzu. Nasir, ni ma AS gare ni."

Wayar ta katse, ta sake kamawa. Bai dube ta ba. Ya sauke jakar daga kafaɗarsa a hankali ya ajiye ƙasa, ya jawo kujera ya zauna, kamar wanda aka ce masa aikin zai daɗe.

"Tun yaushe kin ka sani?" ya ce.

"Litinin."

"Yau Laraba." Sannan ya yi tambayar da har yanzu take hana ni cin abinci. "Da injin ga bai ƙi ki ba, Hindu, da yaushe za ki hwaɗa min?"

Na buɗe baki. Ya zauna yana jiran amsa, yadda ya saba.